Yadda za ka gane ko tsutsar cikin awakinka ta daina jin magani

Idan ka ɗura wa garke maganin tsutsa, bayan mako biyu ko uku dabbobin suna nan a rame, fatar cikin idonsu fari fat, haɓarsu a kumbure, kada ka yi saurin ninka magani ko sauya kwalba. Abu uku ne ke iya faruwa: ko maganin jabu ne, ko ba a ba da daidai gwargwado ba, ko kuma tsutsar ce ta bijire.

Babbar mai ɓarnar awaki da tumaki da damina ita ce Haemonchus contortus, siririyar tsutsa mai zama a ciki na huɗu tana shan jini. Mace ɗaya kan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Wannan yawan haihuwa ne ya sa bijirewa ke saurin bazuwa: magani ya kashe masu rauni, 'yan tsirarun da suka tsira su cika makiyaya da zuriyarsu.

Yadda suke tsira ya danganta da irin maganin. Albendazole da danginsa suna kama wani furotin na jikin tsutsa mai suna beta-tubulin. Idan ƙwayar gadon da ke ƙera shi ta sauya a gurbi na 167, 198 ko 200, maganin ba ya samun wurin kamawa, kuma duk dangin sun tashi aiki tare. Don haka barin albendazole a koma fenbendazole asarar kuɗi ce kawai. Bijire wa ivermectin, maganin wani dangi daban, ya fi sarƙaƙiya, domin ba sauyin siffar furotin kaɗai ake gani ba, har da yawan wanda ake ƙerawa. Akwai ƙwayoyin gado masu ƙera furotin ɗin da ke aiki kamar famfo, yana fitar da guba daga jikin tsutsa. A wasu tsutsotsi masu bijirewa an ga waɗannan ƙwayoyin gado suna aiki fiye da kima, har wani lokaci aikin nasu kan ƙaru bayan tsutsa ta haɗu da magani. Ba za ka ga wannan da ido ba, amma sakamakonsa yana fitowa a kashin dabba.

Gwajin kuwa ƙirgen ƙwai ne kafin magani da bayansa. Zaɓi dabbobi 10 zuwa 15 waɗanda ba su sha maganin tsutsa ba a cikin mako takwas da suka wuce, ka yi wa kowace alama. Sa safar hannu ka ɗebi kashi daga duburar kowace, ba wanda ya faɗi ƙasa ba, ka ƙulle a leda bayan ka matse iskar ciki, ka sa a kula mai ƙanƙara. A zafin nan namu ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, sai ƙirge ya fito ƙasa da gaskiya. A ɗakin gwaji ana dama giram 4 na kashi cikin mililita 56 na ruwan da aka narkar da gishiri a ciki har ya daina narkewa, a tace, a cika ɗakuna biyu na gilashin ƙirgen ƙwai mai suna McMaster, a ƙirga ƙwai a ƙarƙashin madubin likita, a ninka da 50. Abin da ya fito shi ne yawan ƙwai a kowane giram.

Ranar da ka ɗebi kashin farko ka ba da magani, sannan ka sake ɗibar kashin dabbobin nan dai bayan kwana 10 zuwa 14. Idan matsakaicin ƙirgen farko 1,000 ne, na biyu 300, raguwar kashi 70 cikin ɗari ce. Duk abin da ya gaza kashi 95 abin zargi ne. Kada ka wuce mako uku, saboda sababbin tsutsotsin da aka kwasa a kiwo sun fara zuba ƙwai, sai ka ɗora wa magani laifin da ba nasa ba.

Gwajin ba shi da amfani idan ɗurar ba ta yi daidai ba, kuma a nan aka fi yin kuskure. Auna nauyi da sikeli, ba da ido ba. In babu hali, yi lissafi da nauyin wadda ta fi girma a rukuninta. Jikin akuya yana saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, shi ya sa likitocin dabbobi kan ninka mata albendazole, levamisole kuwa ɗaya da rabi kawai, don yana da guba in ya yi yawa. Ba a ba mai ƙaramin ciki albendazole. Girgiza kwalba sosai, ka zuba maganin a can bayan harshe. Wanda aka zuba a bakin leɓe, rabinsa a ƙasa yake ƙarewa, kuma guntun magani shi ne ke horar da tsutsa.

In gwaji ya nuna bijirewa, koma wani dangin magani daban da shawarar likitan dabbobi, ka kuma daina ɗura wa garke duka kowane wata. Yi amfani da katin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu: ka buɗe fatar idon ƙasa a cikin hasken rana, ka gwada launinta da matakai biyar na katin. Masu 4 da 5, wato waɗanda fatar idonsu ta fi fari, su sha magani, masu 3 kuma idan ƙanana ne ko masu shayarwa. Sauran a ƙyale su, domin tsutsotsin cikinsu da ba su haɗu da magani ba su ne ke cakuɗuwa da masu bijirewa su rage musu rinjaye. Da damina a riƙa dubawa kowane mako biyu.

Dabbar da aka sayo daga kasuwa kuwa, a keɓe ta, a ba ta magunguna daga dangi biyu daban, a tsare ta a ƙasa busasshiya aƙalla kwana biyu ana share kashinta, kafin ta bi garke kiwo.