Yadda za ka je Juf, ƙauyen da ke can ƙolin duwatsun Suwizalan

Duk wanda ya tambaye ni inda zai je ya ga yadda manoman Suwizalan ke rayuwa da gaske, kwarin Avers nake tura shi. Avers ƙaramar hukuma ce a jihar Graubünden da ke gabashin ƙasar, tana iyaka da Italiya. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 93, amma mazaunanta ba su kai 200 ba. A ƙarshen kwarin, inda kwalta ta ƙare, nan Juf yake, mita 2,126 sama da teku. Mutanensa wajen 30 ne, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙauye mafi tsayi a Turai da ake zama cikinsa rani da damina.

Ka fara da zaɓen lokaci. Daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ne hanyoyin ƙafa ke buɗe. Sauran watanni ƙanƙara ce ke mulki. Ko a Yuli ka sa rigar sanyi mai kauri a jaka, da takalmi mai riƙe dutse, domin da rana ta faɗi bayan tsauni sanyi ke saukowa.

Hanya ba ta da wuya, sai dai tana da sauye-sauye. Daga Zurich ka hau jirgin ƙasa zuwa Chur, babban birnin jihar, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. A Chur ka koma jan jirgin kamfanin Rhätische Bahn zuwa Thusis. Daga nan motar gidan waya ce, bas mai launin ruwan ɗorawa, za ta kai ka Andeer, a can kuma ka sauya wata da za ta haura da kai Juf cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasa na Suwizalan, za ta sayar maka da tikitin tafiyar gaba ɗaya. Kafin ka sauka daga bas, ka duba lokacin motar ƙarshe mai komawa. Motocin ba su da yawa a rana, kuma ba sa jiran kowa. In kana son kwana, ka kama ɗaki tun kafin ka taso, masaukan kaɗan ne.

Guzuri kuwa, ka yi shi tun daga Thusis ko Andeer, musamman ran Lahadi da shaguna ke rufe. Ga mai kiyaye halal, burodi da cukun kwarin sun wadatar. Ka riƙe 'yan faran, kuɗin ƙasar, a hannu, don akwai gidajen manoma da ke ajiye cuku a bakin ƙofa da ɗan akwatin da za ka jefa kuɗi, ba mai tsaro.

Abin da na fi so ka fahimta shi ne ciyawa. Juf yana sama da inda itatuwa ke iya tsiro. Babu gonar hatsi, babu itacen girki. Mutanen da suka kafa ƙauyukan nan, waɗanda ake kira Walser, sun ƙetaro ne daga yankin Valais wajen ƙarni na 13, suka zauna a inda wasu suka ga ba ya zaunuwa, kuma har yau jikokinsu na magana da nasu karin Jamusanci alhali maƙwabtansu na ƙasan kwarin asalinsu masu yaren Romansh ne. Da can busasshen kashin tumaki suke yankawa su ƙona don ɗumama ɗaki, kamar yadda ake hura wuta da kashin shanu a wasu rugagenmu. Dabbobi ne dukiyarsu, dabbobin kuma suna shafe watanni masu yawa a kulle cikin garke. Abin da za su ci duk tsawon hunturu, a 'yan makonnin zafi ake yanke shi a shanya. Don haka filin furannin nan da ya ba ka sha'awa abincin saniyar wani ne. Kada ka ratsa cikinsa don ɗaukar hoto, ciyawar da aka tattake ba ta yankuwa. Bi hanyar da aka yi wa alama. In ka buɗe ƙofar shinge ka rufe, kuma ka sani wayar shingen sau da yawa akwai lantarki a jikinta. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta hanya daga nesa.

Duk wanda ka haɗu da shi ka gaishe shi. "Grüezi" ta isa, kuma a ƙauye irin wannan wucewa ba gaisuwa abin lura ne.

Ranar farko ka tafi a hankali, iskar sama ba ta cika huhu. Ka sauka Cresta, hedikwatar ƙaramar hukumar, ka ga tsohuwar farar majami'arta, ko ka shiga kwarin Bergalga inda aka shata hanya don kallon wasu dabbobin rami masu ƙiba, dangin kurege, da ke yin fito da baki idan sun hango mutum. Mai ƙarfin gwiwa yana iya haura mashigin Stallerberg, sama da mita 2,500, ya gangara ƙauyen Bivio ya hau bas daga can. Wannan tafiyar sa'o'i ce, a fara ta da sassafe, a fasa ta in hadari ya haɗu. Ka ajiye lambar 144 ta motar asibiti da 1414 ta jirgin ceto na Rega a wayarka, ka kuma faɗa wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa.