Darasi na Bakwai: Yadda Unguwa Take Raba Mutum da Taba

A gabashin birnin Landan akwai ƙaramar hukuma mai suna Tower Hamlets. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa mutum ɗaya cikin uku na mazaunanta ɗan asalin Bangaladash ne. Yawancinsu Musulmi ne, kuma a gida harshen Silheti suke yi. Sun zo Ingila neman abinci, a masana'antun ɗinki da gidajen sayar da abinci, sun kuma zo da al'adunsu, har da taba.

Binciken lafiya da gwamnatin Ingila ta yi a 2004 ya gano cewa maza 40 cikin 100 na 'yan Bangaladash suna shan sigari, alhali a sauran mazan ƙasar 24 ne cikin 100. Matansu kuwa 2 kacal cikin 100 ke sha. Mai karatu zai ce to, mata sun tsira. Ba su tsira ba, domin 16 cikin 100 tauna taba suke yi. Ana ɗauko wani ganye mai suna pan, a shafa masa farar ƙasa, a zuba ɓarzajjen ɗan itacen betel da garin taba, a naɗe, a cusa a kumatu. Ana miƙa wa baƙo shi kamar yadda muke miƙa goro. Tsohuwa za ta ce maganin ciwon haƙori ne, nan kuwa yana jawo ciwon dajin baki.

Tun wajen shekarar 2000 hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe wuraren taimaka wa masu son barin taba, kyauta. Amma magani yana asibiti, mai bukatarsa yana gida. Dattijon da ba ya jin Turanci ba zai je ya zauna gaban wanda ba zai fahimce shi ba. Uwargida ba za ta buɗe bakinta ta nuna wa baƙon namiji jajayen haƙoranta ba. Takardun da ake rabawa kuma, wa zai karanta wa wanda bai yi boko ba?

Sai masana daga Jami'ar Queen Mary suka haɗa hannu da hukumar lafiya da mutanen unguwa. Aka ɗauko 'ya'yan unguwar masu jin harsunan biyu, aka koya musu aikin. Mace ta je wa mata, namiji ya je wa maza. Ba su zauna a ofis suna jira ba, su ne suke bin mutane inda suke taruwa, har cikin gidaje. Suna ɗauke da filasta mai nikotin da ake mannawa a dantse, da cingam mai nikotin, waɗanda ke rage jarabar taba ba tare da hayaƙi ba (nikotin shi ne sinadarin da ke sa jarabar taba). Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake hurawa. Mashayi ya ja numfashi, ya riƙe, ya hura a hankali, sai lamba ta fito, ta nuna yawan iskar guba da ke jikinsa. In ya daina sha, mako na zagayowa ya ga lambar ta sauka da idonsa. A ganina wannan ta fi dogon wa'azi shiga zuciya.

Masallatai ma sun shigo, musamman gab da azumi. A Landan azumin lokacin zafi yakan wuce awa 16. Wanda ya iya haƙura da sigari tun daga asuba har magariba ya riga ya yi rabin aikin. Abin da ya rage shi ne kada ya kunna bayan shan ruwa.

A Amurka kuwa ta waya aka bi. A 2012 Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego ta fara gudanar da layin kira kyauta na masu son barin taba ga duk ƙasar, da harsunan mutanen Sin da Koriya da Biyetnam. Gwajin da suka yi ya nuna masu samun shawara ta waya sun ninka waɗanda aka aika wa takarda kawai wajen samun nasarar dainawa.

Yanzu ga abin da mai son bari zai yi, ko a ina yake. Ya tsai da rana, ya faɗa wa iyalinsa da abokan zamansa. Daren ranar ya fitar da kwalin sigari da ashana daga ɗaki da aljihu. Jarabar takan taso da ƙarfi, amma 'yan mintoci take yi ta lafa. In ta taso ya sha ruwa, ko ya yi asuwaki, ko ya tashi ya taka. Makon farko ya fi wuya, akwai saurin fushi da rashin barci, daga nan abin ya riƙa sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin awa 12 iskar gubar nan take komawa daidai a jini, bayan shekara guda kuma haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. In ya zame ya sha kara ɗaya, kada a yi masa gori. Ya sake tsai da rana.

Iyali su kula da harshensu. Uwargida, maimakon "Kai dai ba ka jin magana," gwada cewa: "Maigida, tarin nan naka yana hana ni barci don tausayi. Yaran ma suna shaƙar hayaƙin. In ka sa rana, ni zan tsaya maka."

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mashayi, ɗaya ya zama ɗan uwansa mai ba shi shawara, sannan ku yi musanya. Bayan haka kowa ya rubuta kuɗin kara ɗaya na sigari a garinku, ya lissafa abin da mai shan kara 10 kullum yake kashewa a kwana 30. A ƙarƙashin lissafin ku rubuta mutane uku a unguwarku da mashayi zai saurara wa, ku zo da takardar darasi mai zuwa.