Yadda Ake Gina Ɗan Tafki a Lambun Gida da Kula da Shi

Duk wanda yake son ya gina ɗan tafki a bayan gidansa, ko don kiwon 'yan kifaye, ko don ban ruwan lambu da sanyaya wuri, ya kamata ya fara da lissafin ruwan da zai iya samu a watan Afrilu, ba wanda yake gani a watan Agusta ba. A ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, rana da busasshiyar iska suna iya shanye kusan santimita ɗaya daga saman ruwa a yini guda. Tafki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana cin lita 6,000, kuma santimita ɗaya daga samansa lita 60 ce, wato fiye da jarka biyu ta masu garuwa kowace rana. Saboda haka ƙaramin tafki mai zurfi ya fi faffaɗa marar zurfi, domin ruwansa ba ya saurin ƙafewa, ƙasansa kuma yana zama da sanyi ko da rana ta take.

Wajen zaɓen wuri, a nemi inda hantsi ke samu amma inuwa ke rufewa daga azahar zuwa la'asar, kamar gabashin katanga. Kada a haƙa shi a gindin bishiya, musamman darbejiya da mangwaro, domin saiwarsu tana bin danshi har ta tsaga siminti, ganyensu kuma yana ruɓewa a cikin ruwa ya ɓata shi. A nisanta shi daga masai da kwatami, a kuma bar tazara tsakaninsa da ginin ƙasa, saboda ɗan yoyon da ido ba ya gani yana iya cin tushen bango a hankali. Haka nan ba a son kwarin da ruwan tsakar gida ke taruwa, don ruwan sama zai riƙa kwaso sabulu da toka da kashin dabbobi yana zubawa a ciki. Gara bakin tafkin ya ɗara ƙasa da kamar taƙi ɗaya.

Abin da zai riƙe ruwan shi ne babban aiki. Mai gida a fadama, inda ƙasa take da yumɓu, yana iya jiƙa ƙasar ramin ya dunƙula ta a hannu ya murza, idan ta miƙe ba ta tsinke ba to daɓe mai kyau zai iya riƙe ruwa. Amma yawancin gidajenmu a kan jigawa suke, kuma a irin wannan ƙasa sai siminti ko tamfol mai kauri. Tamfol ya fi araha da saurin aiki, sai dai dole a tsince duwatsu da saiwoyi daga ramin, a shimfiɗa yashi mai laushi kaurin yatsu uku, a ɗora tsofaffin buhuna, sannan a shimfiɗa shi ba tare da an ja shi ya ɗame ba. A bar nauyin ruwa ya kwantar da shi da kansa kafin a danne bakinsa da duwatsu, a kuma rufe duk inda rana za ta riƙa dukansa, don rana ce ke ƙona shi ya kakkarye. A ganina wanda zai daɗe a gidan ya daure ya yi na siminti: a zuba daɓen kankare da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a tayar da bango da bulo mai inci 9 a cike ramukansa, a yi filasta mai ƙarfi, a kuma zagaye kusurwoyi maimakon a bar su da kaifi, domin a kusurwa yoyo ke farawa. Tun ana aikin a sa magini ya binne bututu biyu, ɗaya a ƙasa don fitar da ruwa, ɗaya kusa da baki don ambaliyar damina, a sa wa kowanne raga, a kuma karkata su zuwa lambu.

Sabon siminti yana fitar da sinadari mai kaifi da ke kashe kifi cikin ɗan lokaci, kuma a nan ne masu gaggawa suka fi yin asara. A cika tafkin da ruwa a bar shi mako guda, a zubar, a goge bangon da buroshi, a sake cikawa, a maimaita haka sau biyu ko uku. Wannan jiran yana kuma nuna ko akwai yoyo: a ajiye bokitin ruwa a gefen tafkin, a yi alama a jikin kowanne, idan bayan kwana biyu ruwan tafkin ya fi na bokitin sauka sosai, to ba rana kaɗai ke sha ba. Ruwan famfo yana ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka a bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin a saka kifi.

Bado shi ne shukar da ta fi dacewa, domin faffaɗan ganyensa yana yi wa ruwa inuwa, yana rage gansakuka, yana kuma ba kifi wurin ɓuya. A dasa shi a tukunya ko kwando da ƙasa mai nauyi, a rufe saman da tsakuwa, a nutsar, a bar shi ya rufe kamar rabin fuskar ruwan. Kainuwa tana yaɗuwa da sauri, sai an riƙa kwashe ta kowane mako. Kacalla kuwa kada a kusance ta, wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗejiya da Nguru ya san abin da za ta yi wa rami mai mita 3. Duk shukar da aka ɗebo daga kududdufi ko rafi a wanke saiwarta, a ajiye ta a baho na mako biyu ana dubawa, a tsince duk ƙananan dodon koɗin da suka bayyana, saboda wasunsu ne ke ɗaukar ƙwayar cutar tsargiya.

Tafkin da babu kifi a cikinsa gidan sauro ne, don a lokacin zafi ƙwan sauro yana zama babba cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙarfasa ta fi dacewa da tafkin lambu, domin ƙananunta suna cin tsutsar sauro, manyan kuma suna cin gansakuka. Goma zuwa goma sha biyar sun ishi tafki mai girman da aka ambata, kuma da yake tana da saurin haihuwa sai a riƙa rage ta ana kaiwa kicin. Tarwaɗa tana da juriya saboda tana shaƙar iska daga sama, amma tana dama ruwa, tana kuma cinye ƙananan kifaye, don haka gara kada a haɗa ta da ƙarfasa a irin wannan tafki. A ba su abinci safe da yamma gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyar, a rage shi a lokacin hunturu, lokacin da sanyi ke rage musu ci. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi, domin ragowar tana ruɓewa ta cinye iskar da ke cikin ruwa.

Lokacin duba tafki shi ne da asuba, domin a lokacin iskar ruwa ta fi ƙaranci. Idan aka tarar da ƙarfasa sun taso sama suna buɗe baki, ko ruwan ya yi wari, ko ya yi koren da mutum zai tsoma hannu zuwa gwiwar hannu bai ga tafinsa ba, sai a dakatar da abinci, a fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga bututun ƙasa, a zuba sabo daga sama yana fantsama. Ko babu matsala, yin haka duk mako ko mako biyu yana da kyau, kuma ruwan da aka fitar taki ne ga alayyafo da latas da tumatir. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana yana taimakawa wajen motsa ruwan. Ba a wanke tafki da sabulu, ba a kuma fesa maganin ƙwari kusa da shi.

Raga a saman ruwan tana hana zalɓe da shaho ɗaukar kifi, agwagi kuma a raba su da wurin domin suna cinye bado su dama ruwa. A gidan da ke da yara ƙanana, tilas ne a kewaye tafkin da waya ko gini mai tsayin da bai gaza mita 1 ba, da ƙofa mai sakata daga sama, kuma a gama wannan shingen tun kafin a zuba ruwan farko, domin ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya halaka yaro mai rarrafe.