Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Mota Mai Injekta Zuwa Kafireta

A Suame Magazin, babbar unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, da ƙananan garejojin Aboabo da Asawase, har yanzu ana kawo tsofaffin motoci irin su Opel Astra da Nissan Primera da Toyota Corolla da Golf, waɗanda kwamfutar injinsu ta ƙone ko wayoyinsu suka ruɓe, masu su kuma sun gaji da kashe kuɗi a kan gyaran da ba ya ɗorewa. Shawarar da aka fi ba irin wannan mai mota ita ce a cire injekta, wato tsarin da kwamfuta ke sarrafawa wajen fesa wa inji fetur, a ɗora kafireta, wadda ke haɗa fetur da iska da kanta. Aikin yana yiwuwa, kuma motar za ta iya yin shekaru tana aiki lafiya, amma ɗora kafiretar shi ne mafi sauƙi a cikinsa. Abin da ke raba aiki mai kyau da wanda zai bar ka a bakin titi abu biyu ne: ƙarfin da fetur ke isowa da shi, da kuma wanda zai riƙa ba fulogi wuta a kan lokaci bayan an cire kwamfutar.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ya kamata ka tabbatar cewa tsarin injektan ya mutu da gaske. Sau da yawa abin da ke hana irin waɗannan motoci tashi bai wuce rile na famfon mai ba, ko wayar as, mai haɗa wuta da jikin mota, da ta yi tsatsa, ko sensa mai auna zafin ruwa, ko injektocin da datti ya toshe, kuma duk waɗannan gyaransu ya fi sauyin araha nesa ba kusa ba. Ka sani kuma cewa kafireta, kome gwanintar wanda ya saita ta, ba za ta kai injekta mai lafiya tattalin mai ba, domin injekta tana gyara haɗin iska da fetur a kowane lokaci don ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, ita kuwa kafireta inda aka saita ta nan take zama. Direban tasi da ke yini tsakanin Kejetia da Tafo zai ji wannan bambanci a aljihunsa. A ganina sauyin ya dace ne da motar da kayan wutarta suka yi wuyar samu, ko wadda ke aiki a ƙauyen da babu mai na'urar bincike kusa. Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001, waɗanda suka zo da tsarin binciken kwamfuta na zamani, gara a bar su da injektarsu, haka ma duk mota mai giyar otomatik da kwamfuta ke canja mata giya, domin giyar tana dogara ne da saƙon da take samu daga totur ɗin injekta.

Injin da ya fi karɓar wannan aiki shi ne wanda kamfaninsa ya taɓa ƙera ɗan'uwansa mai kafireta. Toyota ta yi 4A-F mai kafireta da 4A-FE mai injekta. Nissan ta yi GA16DS da GA16DE. Opel ta yi 14NV da 16SV masu kafiretar Pierburg 2E3 a gefen C14NZ da C16NZ masu injekta. Volkswagen kuma ta sa Pierburg 2E2 a Golf na biyu kafin dokar hayaƙi ta Turai ta farkon shekarun 1990 ta kawo ƙarshen kafireta a sababbin motocin Turai. Daga cikin waɗannan, masu injekta guda ɗaya a tsakiya, kamar C16NZ na Opel, su ne mafi sauƙi, saboda manifol ɗinsu, wato bututun da ke shiga da iska cikin silinda, dama an ƙera shi ne don fetur da iska su bi ta cikinsa a haɗe, kuma ruwan inji yana ɗumama ƙasansa. A nan ana iya cire kan injektan, a kai wa masu injin yankan ƙarfe na Magazin su yanka faranti mai kauri wanda zai haɗa kafiretar da manifol ɗin. Injin da ke da injekta huɗu kuwa manifol ɗinsa iska kaɗai aka yi shi ya ɗauka, bututunsa dogaye ne masu lanƙwasa, idan aka liƙa masa kafireta fetur zai riƙa kwanciya a ciki, wata silinda ta sha da yawa wata ta rasa. Wannan dole a sauya masa manifol gaba ɗaya.

Wajen sayen kaya, a Magazin ne ko a Abossey Okai ta Accra, ka nemi a ciro maka kome daga inji guda: manifol, kafireta, gidan filtar iska, distiributa mai rarraba wa fulogi wuta da kwayil ɗinta, wayar totur da ƙarfen da ke riƙe ta. Ka tafi da tsohon gasket ɗin manifol ɗinka ka ɗora a kan wanda za ka saya, ramuka su hau kan ramuka, na iska da na ruwa da na kusoshi, domin sunan inji ɗaya ba ya nufin kan silinda iri ɗaya ne a kowace shekara. Ka kama sandar totur ɗin kafiretar ka girgiza. Idan tana wasa a cikin raminta, iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma ba za a taɓa samun silo mai kyau ba, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba. Idan ba a sami ta asali ba, Weber 32/36 kafireta ce mai sauƙin sha'ani da ta dace da injuna masu lita 1.6 zuwa 2.0, kuma ba ta da tarin tiyo-tiyon iska da ke wahalar da masu Pierburg.

Ranar aiki a fara da sauke ƙarfin man da ke cikin bututu. A cire fis ɗin famfon mai, a tayar da injin idan yana tashi har ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir, a zubar da ruwan lagireto, a ajiye abin kashe gobara kusa. Wannan gargaɗi ya fi nauyi a Magazin, inda mai walda ke aiki taku kaɗan daga inda ake kwance bututun fetur. Kada yaran gareji su yanke wayoyin injin da almakashi. A zare kowane soket a ɗaure shi da alama, domin a cikin wannan damin wayoyi akwai na agogon zafi, da na fitilar man inji, da na cajin batir, waɗanda motar ke bukata har gobe. Bayan an goge fuskar kan silinda tas, a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshin manifol daga tsakiya zuwa gefe. Idan injektocin a jikin kan silinda suke zaune, a toshe ramukansu da toshiyar ƙarfe da aka yanka daidai da su, ba da gam ko katako ba.

Yanzu sai maganar mai, wadda a nan ne akasarin ayyukan ke lalacewa. Famfon injekta mai kai huɗu yana turo fetur da ƙarfin da ya kai kusan bar 3 (bar da psi ma'aunan ƙarfin turi ne), na mai kai ɗaya kuma kusan bar 1. Kafireta irin ta Weber tana son wajen bar 0.2 ne kawai, wato kimanin psi 3. A cikinta akwai ɗan kwano mai fulot da allura, yana aiki kamar ƙwallon tankin ruwa na gida: idan ya cika, fulot ya taso ya rufe hanya. Wannan ƙaramar allura ba za ta iya tare bar 3 ba, fetur zai ture ta ya cika kwanon ya malalo, wani ya gangara cikin silinda ya wanke man inji, wani ya zubo a kan inji mai zafi. Hanya mafi tsabta ita ce a cire famfon da ke cikin tanki, a sa bututu a gurbinsa wanda zai kai kusa da ƙasan tankin da 'yar matatarsa, a bar fulot ɗin agogon mai a inda yake, sannan a ɗaura ƙaramin famfon lantarki na kafireta a ƙasa kusa da tankin, da filta a gabansa, saboda irin waɗannan famfuna sun fi iya turawa a kan zuƙowa. Idan jikin injin yana da gurbin famfon da kamshaf ke kaɗawa, kuma kamshaf ɗin yana da tudun da ke kaɗa shi, to wannan famfo na asali ya fi kowanne kwanciyar hankali. Hanya ta uku ita ce a bar tsohon famfon a sa regileta mai mayar da rarar mai tanki ta tsohon bututun komawa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne dabarar matse tiyo da waya, ko soka mahaɗa mai baki uku ba tare da auna kome ba, domin ƙarfin man zai riƙa hawa da sauka yadda ya ga dama. A sa agogon awo a bakin kafiretar a gani da ido.

Akwai wani aiki da kwamfuta ke yi a ɓoye wanda mutane ke mantawa da shi: ita ce ke kashe famfon mai da zarar injin ya tsaya. Idan mai wayarin ya haɗa sabon famfon kai tsaye da makulli, to ranar da aka yi hatsari bututu ya fashe, famfon zai ci gaba da feso fetur muddin makullin yana kunne. A bi da wutarsa ta rile da fis, a haɗa rilen da suwic mai jin ƙarfin man inji, a ba shi wuta ta biyu daga layin sitata don ya yi aiki lokacin tayarwa. Tiyon kuma ya zama na fetur na gaske, da kilif a kowane baki, a nisanta shi da salansa, domin a cunkoson shataletalen Suame da tsakar rana fetur ɗin da ake turowa da ƙaramin ƙarfi yana saurin tafasa a cikin bututu, motar ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce.

Sai wuta. A yawancin injunan injekta, ko da akwai distiributa, kwamfuta ce ke yanke lokacin da fulogi zai ba da wuta, distiributar rarrabawa kawai take yi. Idan aka cire kwamfutar aka bar wannan distiributa, ko dai babu wuta sam, ko kuma taimin, wato lokacin ba da wutar, ya tsaya wuri guda, motar ta yi nauyi, ta yi zafi, ta sha mai. Abin da ake bukata shi ne distiributar injin kafireta, mai ƙarafan da ke buɗewa idan injin ya ɗau gudu, da ɗan gwangwani a gefe wanda tiyon iska daga kafireta ke ja. Ka zuƙi tiyon da baki kafin ka biya kuɗi. Farantin ciki ya motsa kuma ya riƙe. Wasu injunan kafireta na ƙarshen shekarun 1980 suna da ɗan akwatin wuta nasu na daban, to a sayo shi tare da soket ɗinsa. Injin da ba shi da distiributa kwata-kwata, kamar X16SZR na Astra na baya-baya mai kwayil a dunƙule, sai an duba ko akwai gurbin da za a soka ta a ƙarshen kamshaf. Idan babu, aikin ya fi ƙarfin wannan hanya.

Ragowar haɗe-haɗen ba su da wuya amma kowanne yana da muhimmanci. Babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki dole ya koma jikin manifol, in ba haka ba birki zai yi tauri. Tiyon numfashin inji ya koma mazauninsa, duk wata kafar iska da ba a amfani da ita a toshe ta. Idan kwamfuta ce ke kunna fankar lagireto, a sa mata suwic mai jin zafi da rile. Cok na lantarki da ɗan solenoyid mai yanke man silo su sami wuta daga makulli. Wayar totur ta buɗe kafiretar har ƙarshe, ta kuma komo da kanta da ƙarfin sifirin biyu. Kada a yi tafiya ba filtar iska, ko da ta gwaji ce, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke sauka, domin ramukan jet, waɗanda fetur ke bi a cikin kafireta, ƙanana ne ƙwarai.

Wajen saiti, taimin ake fara gyarawa kafin a taɓa kafireta. A bar injin ya yi zafi, a zare tiyon distiributa a toshe shi, a haska alamar fuli da fitilar taimin, a bi adadin da kamfani ya rubuta wa injin mai kafireta, wanda a irin waɗannan injuna yakan faɗa tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Daga nan a juya sukurun haɗi a hankali har injin ya kai inda ya fi gudu da santsi, sannan a sauke silo zuwa juyi 800 ko 850 a minti. Idan sukurun ba ya canja kome, akwai inda iska ke shiga, a koma a binciki gasket da farantin. Bayan an yi tafiya mai ɗan nisa a ciro fulogi a duba: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, baƙi mai gawayi yana nufin mai ya yi yawa, fari fat kuma yana nufin ya yi kaɗan, wanda shi ne mafi haɗari don yana ƙona bawul. Hawan dutsen hanyar Mampong wuri ne mai kyau na gwaji. Idan injin yana ƙarar ƙas-ƙas a hawa da kaya, a ja taimin baya da digiri 2 a sake gwadawa.

Idan motar tana da tukunyar tace hayaƙi a salansarta, haɗin da ya cika mai zai sa ta yi zafi fiye da kima ta narke ta toshe, saboda haka a daidaita jet ɗin sosai, kuma idan motar ta fara rasa ƙarfi a gudu a duba ta. Motar za ta je gwajin lafiya na DVLA, hukumar lasisin motoci ta Ghana, kamar kowace mota, kuma baƙin hayaƙi ko ɗigar fetur matsala ce a wurin. A makon farko a riƙa buɗe bonet kowace safiya ana shafa bakin kowane tiyo da hannu, a sake ɗaure kusoshin manifol bayan injin ya yi zafi ya huce sau da dama, a zaro sandar man inji a sunsuna, idan akwai warin fetur a canja man a duba allurar fulot. Kwamfutar da injektocin da tsohon manifol kuma a haɗa su a kwali guda a adana, domin wanda zai sayi motar nan gaba yana iya son mayar da ita yadda take.