Kurakuran masu binciken DNA na furannin daji, da yadda nake gyara su

Na gaji da karanta rahotannin da ke cewa furen daji kaza ya rabu gida biyu, alhali rabuwar daga yadda aka tsinko ganyen ta fito. Ɗalibi ya ɗebi samfur a wannan gefe, ya hau mota har ƙarshen yankin da tsiron ke fitowa ya ɗebi wani, ya tsallake duk abin da ke tsakani. Ya zuba bayanan a manhajar Structure, mai raba samfura rukuni-rukuni bisa DNA ɗinsu, ta ba shi rukuni biyu, sai murna. To ai dole ta ba shi biyu! Iri da garin fure galibi kusa suke faɗuwa, saboda haka bambancin ƙwayoyin gado yana ƙaruwa sannu a hankali gwargwadon nisa. Ka cire tsakiya, gangare ya zame maka katanga. Hanyar Evanno ta 2005 da ake zaɓen adadin rukuni da ita ba ta iya ba da amsar "ɗaya" sam, kuma tana yawan karkata ga biyu. Ni ba na yarda a fara ciro DNA sai an shimfiɗa min taswira na ga wuraren da aka ɗebo ganye suna bin juna.

Kuskure na biyu shi ya fi ƙona min rai, don ya taɓa janyo min asarar aikin daminar bincike guda: dogaro da DNA ɗin kuloroplas kaɗai, wato koren ɓangaren ƙwayar halittar tsiro da ke haɗa abinci da hasken rana. Ana son sa saboda sauƙi da arha. Amma a yawancin tsirrai masu fure daga uwa kawai ake gadon sa, ta cikin iri, kuma dunƙule guda yake tafiya. Labarin dangin uwa kawai yake ba ka. Idan an taɓa barbarar yanyawa tsakanin nau'i biyu, sai ɗaya ya kwashi kuloroplas ɗin ɗayan, bishiyar nasabarka ta haɗa maka waɗanda maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su. Haba ɗalibai, ku haɗa da alamomin DNA masu yawa daga tsakiyar ƙwayar halitta mana, ku gwada bishiyoyin biyu, inda suka saɓa nan aikin yake.

Kada launi ya ruɗe ka. A tsaunukan Firenis, tsakanin Sifaniya da Faransa, wani tsiro mai suna Antirrhinum majus yana da mai fure ruwan ɗorawa da mai ja-shuni, suna barbara a inda suka haɗu. Ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne in ban da 'yan wurare kamar ROSEA da SULFUREA masu kula da launi. Wanda ya yi lissafi a kan dukkan ƙwayoyin gadon a dunƙule zai ce babu bambanci, wanda ya bi ido zai ce jinsi biyu ne.

Kafin ka ce siffa ta gado ce, shuka su a lambu ɗaya, kamar yadda masana tsirrai Clausen da Keck da Hiesey suka yi a Kalifoniya suka wallafa a 1940.

Tsiron da ke yaɗuwa ta saiwa, bar tazara tsakanin samfura, in ba haka ba tsiro ɗaya za ka ƙirga sau goma. Duba ninkin kuromosom, wato sawu nawa na ƙunshin DNA tsiron yake ɗauke da su, kafin lissafi. Ganye ya shiga silika, sinadarin da ke tsotse danshi, nan take, kada ya kwana a leda. Kowane wuri ka busar da cikakken tsiro mai fure, da lamba da wurin GPS, ka kai ɗakin adana tsirrai.