Yadda ake sayen siririn jirgin ruwa na hannu a Ingila ba tare da an sayi tsatsa ba

Tun da kuɗin haya ya fara fin ƙarfin mutane a Landan da Birmingham, 'yan uwanmu mazauna Ingila suka soma leƙa siraran jiragen nan da ke jere a bakin kanal, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa sama da shekaru 200 da suka wuce don dakon kwal da kayan masana'antu. Wani yawon hutu yake so da iyalinsa, wani kuma wurin kwana yake nema. Ko ma mene ne dalilin, kusan duk wanda na ga ya yi asara a wannan ciniki a wuri ɗaya ya yi ta. Ya shiga ciki, ya tarar da kicin tsaf, murhu na ci, fenti na sheƙi, sai zuciyarsa ta kwanta. Alhali abin da zai zuba wa kuɗinsa yana ƙarƙashin ruwa, bai gan shi ba. Kabad da labule da katifa duk ana sauya su da kuɗi kaɗan. Gindin jirgi in ya ci tsatsa, sai mai walda ya yi maka lissafin da zai hana ka barci.

Ka fara da tsawo. Faɗi ba naka ba ne ka zaɓa: ƙafa 6 da inci 10 ne, saboda ƙofofin ruwan da ke ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani hawa zuwa wani, a tsakiyar ƙasar ƙafa 7 ne faɗinsu. Tsawo kuwa yana kaiwa ƙafa 70 zuwa 72. Kada ka wuce ƙafa 57. Ƙofofin hanyar ruwan Calder da Hebble a Yorkshire ƙafa 57 da rabi suke ɗauka, na kanal ɗin Leeds da Liverpool tsakanin Wigan da Leeds kuma ƙafa 62, don haka dogon jirgi yana rufe maka arewa ne tun kafin ka je. Ga shi kuma lasisi da wurin ɗaure jirgi da shafa wa jikinsa kwalta don kare shi daga tsatsa duk da tsawo ake lissafa su. Jiragen nan masu faɗi da suka cika Landan suna da daɗin zama, amma ba su ratsa siraran hanyoyin da suka haɗa kudu da arewa, don haka mai son yawo ya manta da su.

Bayan jirgi, inda ake tsayawa a tuƙa, iri uku ne: na gargajiya mai ɗan ƙaramin wuri na mutum ɗaya, da buɗaɗɗe mai fili, da wanda ke tsakani, mai bango hagu da dama ba rufi. Mai yara ya ɗauki na tsakani. Buɗaɗɗen yana tara ruwan sama a ɗakin inji da zarar ganye ya toshe magudanansa.

Abu na biyu, tun kafin ka buɗe shafin talla, ka san inda jirgin zai riƙa kwana. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ita ce kuma za ta ba ka lasisi. Ko dai kana da wurin ɗaurewa na dindindin da kake biya, ko ka yi rajista a matsayin mai yawo kullum. Dokar 1995 ta ba mai yawo kwana 14 a wuri ɗaya, sannan ya matsa, kuma matsawa ta gaske, domin akwai ma'aikatan da ke bin gaɓa suna ɗaukar lambobin jirage. Tun Afrilun 2024 ma an ɗora wa masu yawo ƙarin kuɗi a kan lasisi. Wanda yake da aiki a wuri ɗaya da yara a makaranta ya yi wannan lissafi da kyau. Kada kuma ka ɗauka wurin da ka tarar da jirgi a ɗaure zai zama naka. Galibi ba ya bin jirgi, sai mai tashar ya yarda a rubuce. Wurin da aka halatta zama na dindindin kaɗan ne, musamman a Landan.

In ba ka taɓa kwana a cikin irin wannan jirgi ba, ka ɗauki haya na 'yan kwanaki, kuma lokacin sanyi, ba a watan Yuli ba. Mil 4 a awa shi ne iyakar gudu. Wasu daga nan suke fasawa, kuɗinsu ya tsira.

Wajen nema, shafin tallan jirage na Apollo Duck da zaurukan Facebook sun isa ka gane farashi, amma kallo da ido ya fi. Ka ware rana ka nufi Northamptonshire, yankin Braunston da Whilton da Crick, inda dillalai ke tara jirage da yawa a waje ɗaya. Ka shiga goma ko fiye kafin ka fara tunanin tayi. Hanci da ido sai sun saba tukuna suke rarrabe jirgin da aka kula da shi da wanda aka yi wa kwalliyar sayarwa. Sau da yawa irin jirgin da za ka gani a Landan ya fi araha a can, ko da ka haɗa da wahalar tuƙo shi. Kada ka tura wa kowa kafin alƙalami a kan jirgin da ba ka taka ba. Akwai masu satar hotunan jiragen mutane su sa talla.

Ranar dubawa ka tafi da tocila da tsofaffin kaya. Ka gaya wa mai jirgi tun a waya kada ya tayar da inji kafin ka zo, in ka iso kuma ka ɗora hannu a kai ka tabbata da sanyinsa. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa. Ɗan hayaƙi a farko ba komai ba ne, amma shuɗi ko baƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi matsala ce. Buɗe murfin zuba baƙin mai: in ka ga farin kitse kamar madara ya daskare a ciki, ruwa na haɗuwa da mai. Injunan Beta da Isuzu da Vetus ba su da wahalar kayan gyara. Tsofaffin BMC da Lister suna da masoya, amma sai mai son shafa gires da kansa.

Cikin ɗaki kuwa, da ka shiga ka tsaya ka shaƙa. Warin danshi ba ya ɓuya, shi ya sa nake zargin duk jirgin da na tarar an kunna turare a ciki. Duba katakon da ke ƙarƙashin tagogi ko ya yi baƙi. A can baya, kusa da matakala ko cikin kabad, akwai ɗan murfi a daɓe. Ɗaga shi ka haska, domin jirgi ya fi nutsewa ta baya, duk ruwan da ya zuba ciki nan yake taruwa. Fitar da tukwanen gas daga akwatinsu ka duba ƙasansa. Ka kuma kula da ban ɗaki. Mu masu tsarki da ruwa ne, ƙaramar tankin nan da ake cirewa a je a zubar tana cika mana da sauri fiye da yadda mai jirgin zai gaya maka, sai ka sayi ta biyu da ta uku. Duk da haka ita na fi so a kan babbar tankin da ake zuƙewa da inji a biya kuɗi, domin in kanal ya daskare ba inda za ka kai jirgi a zuƙe. Ka tambayi girman tankin ruwa, alwala sau biyar ba wasa ba ce, ka kuma auna da idonka ko akwai inda za a shimfiɗa darduma ba sai an ɗaga tebur ba.

Takardu: jirgi ba shi da katin mallaka irin na mota, lambar da ke jikinsa ma ba hujjar mallaka ba ce. Ka nemi takardar cinikin da mai shi ya saya da ita, da rasit na lasisi da inshora da gyare-gyare masu ɗauke da sunansa na shekaru. Ka tambaya ko akwai bashin banki a kansa, a rubuta amsar cikin takardar ciniki.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. In jirgi ya kwanta maka, ka yi tayi da sharaɗin cewa sai safiyo, wato ƙwararren mai binciken lafiyar jirgi, ya duba shi a wajen ruwa. Dillali zai nemi kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100. Ka karanta sharaɗin mayar da shi kafin ka sa hannu. Kuɗin safiyo da na fito da jirgi duk a kanka suke, ɗaruruwan fam ne, kuma nan ne ake fara jin "ai an duba shi bara, ga rahoton", ko "ai yana da takardar lafiya". Kada ka saurara. Takardar lafiyar nan, wato ta Boat Safety Scheme, mai shekara 4, gas da mai da wayoyin lantarki da iska da abin kashe gobara take dubawa. Ba ruwanta da kaurin ƙarfe. Jirgin da ke dab da nutsewa yana iya samunta. Tsohon rahoto kuma wani aka rubuta wa, in ya zama ba daidai ba ba ka da wanda za ka riƙe. Sayen jirgi a kan ruwa ba tare da an ɗaga shi ba cinikin biri a sama ne.

Kai za ka zaɓi safiyonka, ba dillali ba, domin dillali la'adarsa tana hannun mai sayarwa. Ka nemi ɗan ƙungiyar IIMS ko YDSA, ƙungiyoyin safiyon jirage, wanda ya saba da jiragen ƙarfe na kanal. Ka tambayi tashar tun da wuri ko za su ɗaga jirgin sama yadda mutum zai iya shiga ƙarƙashinsa, saboda wasu wuraren suna ajiye shi dab da ƙasa, a ƙare ba a ga gindin ba sam. Ranar kuma ka ɗauki hutu ka je da kanka. Abin da safiyo zai faɗa maka yana tsugune da guduma a hannu ya fi abin da zai rubuta.

Za a wanke jikin da ruwa mai ƙarfi, ya kankare kwalta wuri-wuri har ƙarfe ya fito fari, ya ɗora na'urar auna kauri, ya rubuta lamba da alli. Jiragen zamani galibi 10/6/4 ake ƙera su: milimita 10 gindi, 6 gefe, 4 ɗakin sama. Tsofaffi da yawa da gindi mai milimita 6 suka fito, na kamfanin Springer da aka yi da yawa a shekarun 1970 da 1980 ma sun fi haka siranta. Amma kaurin farantin ba shi ne ƙarshen magana ba. Tsatsa ba ta cin ƙarfe bai ɗaya, ramuka take yi ƙanana kamar an ɗiga, an fi samunsu a daidai layin da ruwa ke tsayawa. Gefe mai milimita 6 da rami mai zurfin 2.5, abin da ya rage tsakaninka da kanal milimita 3.5 ne. Kamfanonin inshora da yawa ba sa ba da cikakkiyar inshora in ƙarfe ya gaza milimita 4. Don haka ka tambaye shi kai tsaye: rami mafi zurfi nawa ne, kuma nawa ne yawansu? In tsiraru ne, mai walda zai cike su ɗaya-ɗaya. In sun bazu ko'ina, maganar lulluɓe jikin da sabon faranti ake yi, dubban fam.

Na ga wani matashi ɗan uwanmu da ya saya ba safiyo saboda mai jirgin ya ce akwai wani mai saye da ke tafe gobe, ga kuma sabuwar kwalta baƙa wuluk tana ƙyalli. Sai da inshora ta nemi rahoto aka fito da jirgin, aka kankare, ramuka suka bayyana layi guda tun daga gaba har baya. Kuɗin da ya tara don sola da batura duk walda ta cinye. Kwaltar da aka shafa ana gobe sayarwa abar tambaya ce. Ana shafa ta duk shekara biyu zuwa uku, mai kula kuma yana da rasit na kowane zagaye.

In an riga an lulluɓe jirgin da faranti, ba lallai ka gudu ba, amma ka sa safiyo ya duba ingancin waldar da kuma yadda ƙarin nauyi ya nutsar da shi. Ramukan da ruwan wanke-wanke da hayaƙin inji ke fita ana son su kai inci 10 sama da ruwa, haka bakin akwatin da ake buɗewa a cire ciyawa daga farfela ya kasance da tazara. Ku duba dunƙulen magniziyam da aka liƙa gaba da baya don tsatsa ta ci su maimakon jirgi: wanda ya cinye ƙarƙaf an bar shi ya wuce lokaci. Jirgin da ya shekara yana jone da wutar tasha ba tare da na'urar da ke katse ɓoyayyen lantarkin da ke cin ƙarfe ba, ramukansa sukan fi yawa. Gefen farantin gindi, wanda ke ɗan fitowa waje yana gogar duwatsu, shi ma a ga ko ya cinye har ya kusa waldar.

Da rahoto a hannu ka koma ciniki. Ka samo farashin gyara a rubuce daga mai walda, ka ce a cire shi daga kuɗin ko a gyara kafin ka biya. In mai jirgi ya ƙi, ka tafi. Ni dokata ita ce kada ka kashe duk abin da ke hannunka a kan saye. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma, saboda batura da famfon ruwa ba su jiran ka farfaɗo. Bashin sayen gida ba ya hawa kan jirgi, wanda ake bayarwa na jirgi kuma mai ruwa ne, shi ya sa yawancin namu tarawa suke yi su biya lakadan.

Sauran ba wuya. Ku sa hannu a takardar ciniki, ka biya ta banki, ka yi inshora tun ranar, wadda ke ɗaukar aƙalla fam miliyan 2 na ɓarnar da ka yi wa wani, ka sanar da Canal & River Trust cewa jirgi ya sauya hannu, ka sayi lasisi da sunanka. In ta kogin Thames za ka bi sama da Teddington a yammacin Landan, wannan lasisin hukumar muhalli ta Environment Agency ne daban. Tunda jirgin yana waje, a shafa masa kwalta a sauya dunƙulen magniziyam kafin a mayar da shi, kada ka biya kuɗin ɗagawa sau biyu. Ka gwada ƙararrawar iskar gawayi mai guba, wadda ta zama tilas tun 2019, kafin ka kunna murhu daren farko. In kuma tsakanin Nuwamba da Maris ka saya, duba jerin ƙofofin da aka rufe don gyaran hunturu kafin ka tsara hanyar kai shi gida.