Yadda Ake Fara Koya Wa Kare Bin Sawu Da Nemo Kaya

Duk shekara da zarar an kwashe amfanin gona, samarin ƙauyukanmu na ƙasar Gaya sai su fara yawo da karnuka, kowa yana cewa nasa zai zama na farauta ko mai nemo batacciyar akuya. Kafin damina ta dawo, yawancin karnukan sun koma masu kwana a gindin darbejiya suna jiran ƙanzo. Hanci kam Allah ya ba kare tun daga cikin uwarsa. Abin da ke kayar da mai kare shi ne yadda zai nuna masa wane wari ake so ya bi, ya ƙyale sauran.

A Ingila wannan aiki gasa ake yi a kansa tun 1924, kuma daga aikin karnukan 'yan sanda da na soja aka samo tsarin. Ana gwada kare a abu uku: aikin hanci, biyayya, da tsallake. Sawun da ake ba shi ya bi yana kai rabin mil, wato wajen mita 800. A matakin farko na bin sawu ana barinsa ya yi rabin awa kafin a sa kare, a babban mataki kuwa awa 3. Ba sa yarda kare ya shiga gasar sai ya cika wata 18. Mu ba kofi muke nema ba, amma tsarin nasu na hawa mataki mataki shi nake amfani da shi, don ya dace da bukatar manomi da mafarauci da mai kiwo. Su ukun nan ne kuma hadisi ya yi wa rangwamen ajiye kare, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Hukuncin yawunsa da wanke ƙwarya ka tambayi malamin garinku.

Kafin komai, allura

Kada ka fara horo da karen da ba a yi wa allurar ciwon hauka ba. Daga wata 3 ake yi, a maimaita duk shekara. A nan Najeriya ma ana yin maganin, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ka je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka karɓi takarda, ka haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska. Kuɗin duka bai kai na ɗan akuya ba, ciwon kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba ya jin magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Wajen zaɓen kwikwiyo, ni ban ga dalilin kashe kuɗi a kan karen Turai ba. Namu na gida ya fi jure zafi da ƙishirwa da kaska. Ka jefa ɗan tsumma a gaban 'yan kwikwiyon, wanda ya bi ya ɗauka, kuma ba ya ɓuya in an tafa hannu, shi za ka ɗauka. Mai son abinci ya fi sauƙin koyarwa. Ni na fi son karya, ta fi natsuwa a kan sawu.

Kaya ba su da yawa: igiya mai laushi ta mita 10, ɗaurin ƙirji wanda duk baduku zai ɗinka maka in ka kwatanta masa, da ƙuli-ƙuli marar yaji a farfashe ƙanana kamar ƙwayar masara. Ɗaurin ƙirjin nan kada ka sa masa sai lokacin bin sawu, ka cire da an gama. Cikin mako biyu da ya gan shi a hannunka ya san aikin da za a yi.

“Zo”, “zauna” da “kwanta” ba zan tsaya a kansu ba, kowa ya iya. Abu ɗaya kawai: in ka kira kare ya zo, ko me ya ɓata, kada ka doke shi. Na ga yaron da ya yi ta kira, karen ya zo a makare, ya zabga masa tsumagiya. Daga ranar karen ya gane cewa zuwa ne ke jawo duka.

Sawun farko

Ka fita bayan sallar asuba, raɓa ba ta bushe ba, kare bai ci komai ba tun daren jiya. Abin da kare ke bi a ƙasa haɗi ne na warin ciyawar da ƙafa ta murƙushe, da ƙasar da aka tayar, da ɗan abin da ke zuba daga jikin mutum. Danshi ne ke riƙe wannan wari, rana da busasshiyar iska ke kwashe shi. Shi ya sa ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi kowane lokaci daɗin farawa. In hunturu ya riga ya shigo, ka nemi bakin fadama. Jigawa mai rairayi da tsakar rana ko ƙwararren kare wahala yake sha a kanta, balle ɗan koyo. Ka guji fili mai ƙarangiya, don in ta shiga tsakanin yatsunsa sau biyu, hankalinsa ya koma kan ƙafa.

Ka ɗaure karen inda zai hango ka. Ka kafa kara, ka tattaka wurin kamar faɗin buhu, ka watsa ƙuli-ƙuli biyar ko shida a cikin inda ka taka kawai. Sai ka miƙe da gajeren taku, iska tana bugun bayanka, kana sa ƙwaya ɗaya a cikin kowane sawu, har taku 20. A ƙarshe ka zuba ɗan tuli, ka yi dogon tsalle gefe, ka zagayo ta nesa. Kada ka dawo ta kan sawun. Iskar nan ta baya wajibi ce: in tana fuskantarku, za ta kawo masa warin tulin ƙarshe, sai ya ɗaga kai ya ruga, bai koyi sa hanci ƙasa ba.

Ka kawo shi gindin karan, ka ce “sawu” sau ɗaya, ka yi shiru. Kuma kada ka bar ƙuli-ƙulin ya daɗe, tururuwa da kajin gari ba sa jira. Kare in tururuwa ta cije shi a hanci, sai ka yi kwana uku kana lallashi.

Inda na faɗi

Karyata ta farko, Ƙyale-su, na so in yi da sauri. Ƙuli-ƙuli a kowane taku ya gundure ni, sai na riƙa karɓo guntun tumbi wajen mahauta ranar kasuwa, in ɗaure a igiya in ja a ƙasa. Cikin mako ɗaya tana bin taku 300 mai lanƙwasa biyu, tana jana kamar za ta tsinke igiyar. Samari suna taruwa kallo. Ranar da na sa ƙanena ya yi tafiya hannu biyu ya ɓuya bayan wata kuka, na kawo ta gindin karan na ce “sawu”. Ta sunsuna, ta zaga, ta ɗago kai ta dube ni, ta zauna. Sawun yana nan ɓaro-ɓaro a kan raɓa, ni da idona ina ganinsa.

Wani dattijon mafarauci da ke wucewa zuwa gona ya tsaya, na gaishe shi na ce, “Baba, ka ga abin da take yi mini.” Ya ce, “Yaro, me ka koya mata? Tumbi ka ce ta bi, kuma yau ba tumbi. Ɓarawo ba ya jan tumbi a bayansa.”

Sai da na koma taku 20 da ƙuli-ƙuli kamar ba mu taɓa yin komai ba, kuma gyaran ya fi koyon farko cin lokaci. Bambancin shi ne, abincin da ke cikin sawu yana koya wa kare cewa warin takun ne ke kai shi ga lada. Wanda aka ja a ƙasa kuwa warinsa yana danne na takun gaba ɗaya, karen ba ya ma lura akwai shi.

Don haka rage abincin ake yi a hankali. Mako na farko kowane taku. Sai kowane taku biyu, uku, biyar. Daga nan ka daina ƙidaya, wani wuri taku huɗu, wani wuri goma sha biyu, don kare yana gane lissafi, in ya gane sai ya riƙa tsallake tsakani. In ka ga ya wuce ƙwaya bai tsaya ci ba, hancinsa na ƙasa, wutsiya a miƙe, kada ka mayar da shi. Wannan ita ce alamar da kake jira, sawun ya fara fi masa abincin daɗi.

Abu uku ne ke ƙara wa sawu wuya: tsawo, kwana, wato inda sawun ya juya, da daɗewa. Ɗaya ake ƙarawa a rana. Ranar da ka sa kwanar farko, ka rage tsawo. Ranar da ka bar sawu ya yi minti 20, ka yi shi miƙaƙƙe. Samari suna haɗa ukun a rana ɗaya don a gani, karen ya rikice, su ce ba shi da hanci.

A wajen kwanar ma ana ɓarna. Dole ka san daidai inda ka juya, ka lura da suri ko gawo ko kututture a saitin wurin, amma kada ka kafa kara, zai koyi neman kara da ido. In ya wuce kwanar za ka ga kansa ya ɗago, ya fara zagaye. Ka tsaya cak, ka sassauta igiya, ka rufe bakinka. Kada ka nuna da hannu, kada ka ja shi wajen da ka san daidai ne. Karen da aka saba taimaka wa, duk lokacin da abu ya yi wuya fuskarka zai duba, ranar aikin gaske kuwa kai ma ba ka san hanyar ba. In ya gano da kansa ya ja, ka bi shi, kuma ya tarar da ƙuli-ƙuli taku biyar bayan kwanar.

Da ya kama wannan, ka daina taka sawun da kanka. Yau ƙanenka, gobe maƙwabci, wani da silifa, wani da takalmin roba. Daga baya ka sa wani ya taka ba ka gani ba, ya biyo ku a baya shiru, kada ya yi magana sai kun kauce da nisa. In akuya kake so ya riƙa nemowa, sai bayan duk wannan za ka sa a ja akuya mai rai a kan hanyar, ka fara sunsuna masa igiyarta ko turkenta.

Nemo kaya da sauran

A gasar Ingila ana shata fili mai yadi 25 kowane gefe, a jefa ƙananan abubuwa huɗu masu warin hannun mutum, a ba kare minti 5, mai shi yana waje. Ka yi haka da guntun fata, guntun itace, murfin jarka da tsohon tsumma, ka riƙe su a aljihu tun daren jiya. A nan iska ta fuskance ku ake so, kalmar kuma “nemo”, ba ɗaurin ƙirji. Ka fara da abu ɗaya yana kallo ka jefa. Ya kawo, ka musanya masa da ƙuli-ƙuli, kada ka fizge daga bakinsa.

Kwanciya ba motsi a gasar suna kai ta minti 10 mai kare ya ɓuya. Ka fara da ƙirga goma kana tsaye kusa da shi. Ƙarar bindiga ka saba masa da ita daga nesa sosai lokacin da yake cin abinci, ana matsowa kwana bayan kwana. Tsallake kuwa ka bar shi sai ya shekara, ƙashinsa ya yi ƙwari, ka fara da itace a kan duwatsu biyu.

In Allah ya sa karenka ya iya, aka yi sata ya bi sawu ya tsaya a ƙofar wani gida, kada ka buɗe baki ka ce ga ɓarawo. Sawu yana haɗuwa da sawu, kare yana kuskure, kuma kai mutum ne mai zama da mutane. Ka ja karenka, ka je ka gaya wa mai unguwa abin da ka gani. Farauta kuma ban da dajin Falgore da Baturiya, wuraren gwamnati ne da aka hana. Minti 15 da safe, kwana huɗu ko biyar a mako ya isa, ka tafi da goran ruwansa daban, kuma kullum ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska kafin ku koma gida.